Hukuncin sa iyafis a kunne lokacin tuƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni direba ne, ina lodin Kano zuwa Kaduna. Ba na riƙe waya a hannu, iyafis nake sawa kunne biyu ina jin karatun Alƙur'ani ko in amsa kira, to wani fasinja ya ce min haramun ne. Ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa Allah ya tsare hanya. Iyafis ɗin shi kansa ba haramun ba ne, amma toshe kunne biyu kana kan sitiyari da rayukan mutane a bayanka bai halatta ba, saboda kunne ma kayan aikin direba ne, da shi kake jin hon ɗin tirelar da ta taho ta bayanka, da jiniyar motar asibiti, da ƙarar taya in ta fara bugawa tun kafin ta fashe. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, Ibn Majah ya ruwaito, kuma cikin haƙƙoƙin hanya da ya lissafa a hadisin Bukhari da Muslim akwai kame cuta daga mutane.

Kar ka ce ai hannuna biyu na kan sitiyari. Matsalar ba a hannu kaɗai take ba, hankali ne ke tafiya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk sakan ɗaya, ka ga in uwargida ta kira tana maganar kuɗin cefane hankalinka ya bar titi na sakan biyu kacal, ka shafe sama da mita 50 ba ka nan, ga ɗan acaɓa ga yaro mai talla zai tsallaka.

Sai maganar doka. Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Brunei a 1993 ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, don maslahar jama'a shugabanni suka sa su. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana cin tara kan amfani da waya a tuƙi, Faransa kuwa tun Yulin 2015 ta hana direba sa komai mai sauti a kunne, tarar yuro 135. Kowa dokar ƙasar da yake ce ta hau kansa.

In kuma aka yi haɗari rai ya salwanta ta sanadin sakacinka, kisan kuskure ne, aya ta 92 a Suratun Nisa'i, akwai diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Wallahi na fi so ka rasa kira ɗari da ka ɗauki wannan nauyin.

Karatun kuwa ka sa shi a sifikar mota da sauti daidai yadda za ka ji waje, fasinjojinka ma su samu lada. In kira ya shigo ka nemi wuri ka faka, ko yaron mota ya amsa maka.

Wallahu a'alam.