Takardar jauro da ke hannunka ba titir fonsiye ba ce

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Pitoa a arewacin Kamaru, auduga da masara nake yi, da rani kuma in taɓa albasa. Shekara uku ina zubin adashi, bara na kwasa na sayi fili sefa jaka 350 a hannun wani dattijo. Jauro, wato mai garinmu, ya rubuta mana takarda ya buga hatimi, shaidu huɗu suka sa hannu. Burina in gina ɗaki uku in fitar da iyalina daga gidan yayana. Sai ga shi makon jiya wani ya zo daga Garuwa da takarda ya ce filin maƙwabcina nasa ne, har ya kafa turakun siminti. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Shin takardata ta isa? Kuma gaskiya ne da ita zan samu bashin gini a Crédit Foncier, bankin gwamnati mai ba da bashin gina gida?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a guminka. Ba zan ɓoye maka ba: takardarka ba ta isa ba, kuma kada ka aza tubali ko ɗaya sai ka yi abin da zan faɗa maka.

Shekaru na kwashe ina awon filaye tsakanin Garuwa, Gidar da Figil, kuma babu mako da wani ba zai warware leda a gabana ya fito da fallen littafin makaranta mai hatimin shuɗin tawada, ya ce mini ga takardar filinsa. Sai in karanta in ga iyaka: gabas tsamiya, yamma gonar wane, kudu hanyar shanu. Tsamiyar an sare ta an yi gawayi, wane ya rasu 'ya'yansa sun raba gonar, hanyar shanu kuma ta koma gonar gyaɗa. Mutum ya riƙe wannan falle kamar ransa, alhali a gaban alƙali abin da kawai yake nunawa shi ne an ba wani kuɗi a gaban shaidu.

Dokar filaye ta Kamaru, mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yuli 1974, ita ce tushen maganar. Duk ƙasar da ba ta da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, kuma ba ta cikin kadarar gwamnati, tana cikin abin da ake kira domen nasiyonal, wato ƙasar al'umma wadda gwamnati ke riƙe da amanarta. Wanda ya gaji gona a wurin kakansa yana da haƙƙin noma da zama a kai, amma doka ba ta ba shi ikon sayarwa ba. Sashe na 8 na dokar ya ce cinikin filin da ba a yi wa titir ba ɓatacce ne, kuma filin da ke da titir ma sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, ake cinikinsa. To ka ga dattijon nan ya sayar maka da abin da hukuma ba ta yarda yana da ikon sayarwa ba, ko da zuciyarsa fara ce tas.

Kada wani ya ji ina raina sarauta. Jauro da lawan da lamido su suka san wanda ya share daji, su suka san kabarin kakan kowa, kuma babu titir da zai fito ba tare da su ba, domin sarkin ƙauye da dattawansa biyu suna cikin kwamitin duba filaye da su-firefe, wato shugaban gunduma, ke jagoranta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan kamasho da ke zaune a gindin darbejiya gaban ofisoshi suna ce wa talaka hatimin jauro ya wadatar, titir na masu kuɗin birni ne. Su suke kawo mai saye, su karɓi la'ada a hannun mai sayarwa, su sake karɓa a hannun mai saye, bayan shekara biyu su kawo wani su nuna masa fili ɗaya. Na taɓa zuwa awo na tarar da mutum uku tsaye a kan fili guda, kowa da takardarsa, hatimin duk iri ɗaya ne. Ta ukun wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu, ta sayar da tumakinta ta sayi wurin don marayunta, har ta buga bulo ta jera a rana. Ta ce mini, "Malam, ai da sa hannun jauro." Ban sami abin da zan ce mata ba a lokacin.

Wata jita-jitar kuma ita ce wai idan ka yi gini ka shiga, shi ke nan ka mallaka. Ginin yana taimakonka wajen nuna ka raya wurin, amma ba ya hana wani ya riga ka ofis. Dokar 76/165 ta 27 ga Afrilu 1976 ta ce titir in ya fito ya zama tabbatacce, ba a ja da shi. Soke shi sai an tabbatar da maguɗi ko kuskuren hukuma, kuma wannan tafiya ce mai cin shekaru da kuɗin da manomi ba shi da su. Haka in gwamnati ta buƙaci wurin don hanya ko makaranta, mai titir ne ake biyan diyyar ƙasa. Kai sai dai a ƙiyasta ɗakunanka da itatuwanka.

Yanzu ga mafita. Ka fara zuwa ofishin filaye da na kadastir, wato na awon filaye, na yankin Benuwe a Garuwa, da kanka, ba ta hannun ɗan kamasho ba, a duba ko filinka ya faɗa cikin titir na wani. Tun da an kafa turaka a maƙwabtanka, wannan na gaggawa ne. In hanyar Garuwa zuwa Marwa ta ratsa kusa da ku, ka auna: mita 40 daga tsakiyar babbar hanya ta gwamnati ce, ba a mallakarta.

In fili ya fita tsaf, hanya biyu ce. Idan zuri'ar dattijon suna kan wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, su ke da damar neman titir kai tsaye. In ya fito sai a yanke maka rabonka a gaban noter, ka sami naka da sunanka. In ba haka ba, kai ka nemi aron hukuma na wucin gadi, konsesiyon, wanda wa'adinsa ba ya wuce shekara 5. Ka raya wurin, sannan a tabbatar maka. Neman titir kai tsaye a ofishin su-firefe ake ajiye shi, kuma lallai a karɓi rasit. Kwamiti zai zo fili, mai awon kadastir ya kafa turaka, a buga sanarwa, a jira kwana 30 ko akwai mai ƙorafi. Gyaran da aka yi wa dokar 76/165 a Disamba 2005 ya sauko da aikin daga Yawunde zuwa larduna don a gajarta tafiya, amma har yau takarda takan kwana a kan tebur wata da watanni, yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe babu man mota. Wannan jan ƙafa shi ke tura talaka hannun mazambata, kuma abin kunya ne. Takardar jauron kada ka yar, shaida ce da za ta yi maka amfani a gaban kwamiti.

Kada ka bi wannan hanya kai kaɗai. Ku haɗu ku goma ko ashirin a unguwa, a kira kwamiti da mai awo rana ɗaya, ku raba ɗawainiyar. A wannan zaman ku ware layi mai faɗin da amalanke biyu za su gifta, da wurin rijiyar burtsatse, da hanyar da ruwan sama zai bi, domin wanda ya ga ambaliyar Benuwe ta 2012 ya san abin da toshe magudana ke jawowa. In filin gado ne, a rubuta sunan kowane magaji, har mata. Babban wa ya yi titir da sunansa shi kaɗai, ya raba zumunci a gidaje da yawa.

Batun Crédit Foncier kuwa, tun 1977 aka kafa shi, kuma kuɗinsa daga albashin ma'aikata ake yankowa. Jinginar da yake karɓa titir ce, kuma yana son ganin kuɗin shiga mai tsari. Da fallen jauro ko kujera ba za a ba ka ba, kuma duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya buɗe maka ƙofa, ɓarawo ne. Bankinka adashin nan ne da kuɗin audugar da kamfanin auduga na Sodecoton ke biya. Ka yi ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Tubalin ƙasa mai kyau ya fi bulon siminti mai yawan yashi ƙarfi, ya kuma fi sanyi a zafin Maris da Afrilu. Simintin Figil ka adana shi don harsashi: dutse a ƙasa, a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ke kwanciya, a bar wa kwano baki mai tsawo ya kare bango daga feshi.

Dattijon nan kuma ka je masa da girmamawa, da goro a hannunka, ka ce, "Baba, ina so a kira 'ya'yanka duka su shaida." Tun yana da rai da hankalinsa za a yi wannan zama, a gaban jauro, kowa ya dangwala. Ka yi shi kafin ruwan farko ya sauka, domin da an shiga shuka ba za ka sami mutum biyu zaune wuri ɗaya ba.