Yadda muke zama a ƙasar inabi

Kawu, barka da war haka. Ka tambaye ni yadda muke yi da mutanen da giya ta zame musu kamar fura a wurinmu. To, Alzas ɗin nan da muke, a gabashin Faransa daf da iyakar Jamus, gonakin inabi ne iya ganinka. Akwai hanyar da suka buɗe a 1953, wajen kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann, ƙauye bayan ƙauye giya ake yi, kuma mafi yawanta fara ce.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne jin suna cewa wata giyar busasshiya ce. Ruwa kuma ya bushe? Maƙwabcina, wani dattijo, ya warware mini: in yis ya cinye sukarin inabin kaf, harshe ba ya jin zaƙi, ita ce busasshiya. Daɗinta a hanci yake. Sunan irin inabin suke ba giyar: Riesling tana ƙamshin lemon tsami, Muscat na ɗanyen inabi, Gewurztraminer kuwa furen wardi, ko da yake ita takan rage ɗan zaƙi. Na sha ganinsa ya riƙe kofin gilashi ta ƙafa don kada ɗumin hannu ya taɓa ta, ya juya, ya cusa hanci ya lumshe ido kamar mai zaɓen turare a kasuwa. Wurin ɗanɗano ma kurɓa suke yi su tofar a bokiti.

Mu dai ba ma sha, amma ba ma ƙin gayyata. Ka ce ba ka shan barasa, a miƙo maka ruwan inabin da bai tsimu ba, wani lokaci na Gewurztraminer ɗin ma. Da sanyinsa, ga kilishi mai yaji a gefe, wallahi sai ka nemi ƙari. A gidan abinci ne ake taka tsantsan, domin har kaza suna dafawa da Riesling, sai ka tambaya kafin a zubo.

Inda muka rabu shi ne aikin tsinkar inabi a watan Satumba. Ɗalibanmu na son kuɗin. Wasu dattawanmu sukan kawo hadisin da ya la'anci mai matsa giya da mai ɗaukarta, wasu su ce ai 'ya'yan itace ka tsinka. Ni na yi kaka ɗaya, raina bai kwanta ba, ban koma ba. Ko za ka tambayar mana Malam, mu ji ta bakinsa?