Ɗana, ga amsar maganar babanka da takardu

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya iso tun daren jiya, na saurare shi har sau biyu, na ce bari in rubuto maka a rubuce don ka aje ka riƙa dubawa. Ka ce tun da yaya, wato babanka, ya samu shanyewar ɓarin jikin nan hankalinka bai kwanta ba, kana son ka yi mishi maganar ya rubuta abin da ya mallaka da bashin da ke kanshi amma kana jin nauyi, kada a ce kana mishi fatan mutuwa ko ka sa ma dukiya ido. Kuma ka ce ya taɓa hwaɗa maka gidan unguwar Zariya naka ne, kana tambaya ko maganar ta zauna.

Jin nauyin da kake yi tarbiyya ce, Allah ya yi maka albarka. Gaskiya ne a wajenmu ɗa ba ya tarar ubanshi da zancen gado, ni ma ban iya yi ma kakanku ba. Amma wannan shirun namu ne muka ɗora ma kanmu, addini bai ce haka ba. Hadisin Abdullahi ɗan Umar yana cikin Buhari da Muslim, cewa bai kamata musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba sai wasiyyarshi na rubuce a wajenshi. Ayar da ta hi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. To ina kiran mutuwa a nan? Ajali ba ya jiran biro kuma biro ba ya jawo shi.

Bari in gaya maka abin da ya same mu, lokacin kana goye. Ran da kakanku ya rasu, bayan addu'ar bakwai munka jawo akwatin ƙarhen da ke ƙarƙashin gadonshi, muna buɗewa sai ƙasa, gara ta cinye rabin takardun, wata in ka ɗaga sai ta marmashe a hannunka, abin da ya tsira sai wani ɗan kaye mai jan bango da ya rubuta sunayen mutane da ajami, kuɗɗi a gaban kowane suna, amma bai rubuta ko shi ke bin su ko su ke bin shi ba. Kwana kaɗan wani mutum ya zo ya ce yana bin tsoho kuɗɗin buhun gujiya, ba shaida ba takarda, munka biya don kada mu bar shi da nauyi a kabari, har yau zuciyata ba ta natsu da wannan biyan ba. Wanda ya hi cin raina shi ne gonar fadama ta bakin gulbi. Munka ce a bar ta gandu kada a raba, a riƙe zumunci, mu maza muna noma muna ci, gwaggonninku mata ana aika musu ɗan kwanon hatsi da kaka a ce an kyauta. Shekara da shekaru a haka. Babbar gwaggonku ta rasu ba ta taɓa riƙe kasonta a hannu ba, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba saboda kunya. Wannan hakki ne munka ci, na daɗe ina istigfari a kai, sai da na bi ɗiyanta na biya su tukuna na samu barci. Maganar wai mace ba ta gadon gona, ko a ce mijinta zai cinye, al'adar son kai ce, Allah ya yanka mata kasonta a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12, bai ce ban da gona ba.

Yanzu maganar gidan Zariya. Ka yi haƙuri ɗana, hwaɗa da baki kawai ba ta sa ya zama naka. A mazhabar Malikiyya da muke bi kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda anka ba ya karɓa ya riƙe tun mai kyautar na da rai da lahiya, makulli a hannunka, kai ke karɓar haya, shaidu sun gani. In mutum ya rasu ba a yi haka ba gidan ya koma cikin gado. In kuma cewa ya yi bayan raina ka ɗauka, to wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda da kansu. Kyautar da anka yi cikin ciwon ajali ma hukuncin wasiyya take ɗauka, shi ya sa nake son a kira malami ya ga halin da yaya ke ciki, don ciwon da ya daɗe ya zauna, mutum na ci yana sha yana hira, malamai ba su lissafa shi ciwon ajali. Ko da komai ya cika ni ba zan ba yaya shawarar ya hihita ka kan 'yan uwanka ba. Baban Nu'umanu ɗan Bashir ya yi ma ɗanshi kyauta ya zo Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shaida, ya tambaye shi ko duk ɗiyanshi ya ba haka, ya ce a'a, sai ya ƙi shaidar ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin ɗiyanku. Gida ɗaya bai kai ya raba ka da ɗakin kishiyar innarka ba.

Waɗanda ya kamata ka damu da su ba ka ma ambace su ba, ɗiyan marigayi wanka. Tunda ubansu ya riga kakansu rasuwa, kai da ƙanenka kun katange su, ba su da ko dala a gadon yaya. Mutane da dama ba su san wannan ba sai ranar rabo ka ga uwar marayu ta hita tana kuka. Ƙofar da ta rage musu ita ce sulusi, yaya yana da ikon yin wasiyya da kashi ɗaya cikin uku na dukiyarshi ga wanda ba magaji ba, kamar yadda anka iyakance ma Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ya rubuta musu wani abu a ciki, ya kuma sa wasiyyi mai amana da zai riƙe musu har su yi hankali.

Tsarin rabon ba ya canzawa, a hidda kuɗɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi har da sauran sadaki in akwai, a cika wasiyya, sannan magada. Misali in jikka 800 ta rage, matan yaya biyu tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, za su raba, jikka 100, kowace 50, sauran 700 ku maza biyu kowa 200, mata uku kowace 100.

Amma tun kahin a kai can akwai abin da ya hi gaggawa, wato in jikin ya ƙara nauyi ya kasa magana ko sa hannu. Wa zai ciro mishi kuɗɗin magani a banki, wa zai karɓi haya, wa ya san lambar sirrin kuɗɗin da ke cikin wayarshi? Tun yanzu da hankalinshi ke garau ya zaɓi wakili da bakinshi, a yi takardar wakilci wadda ake ce ma prokirasiyon, a buga mata hatimi a meri ko wajen noter, mai tabbatar da takardu a hukumance, a rubuta iyakar abin da wakilin zai taɓa. In anka bari hankali ya gushe ba mai iya ba da wakilci kuma, sai an je gaban alƙali ya naɗa, ga jeka ka dawo ga marar lahiya a kwance. Kuma ka sani wakilci yana mutuwa ranar da mai shi ya rasu, daga wannan rana ko dala ka ciro dukiyar magada ka taɓa. Banki ma in sun samu labari rufe asusun suke yi sai an kawo takardar rasuwa da ta zaman dangi da ta shaidar magada daga kotu.

Gonaki kuma, tun 1993 da anka yi dokar karkara akwai kwamitin ƙasa, kofo, daga baya har a matakin gari wajen maigari, suna ba da takardar shaidar gado ko saye ko kyauta. Yadda ƙasa ta yi tsada a yankin nan, daga Madarunfa har Tibiri mutane sun yi yawa gona ta yi kaɗan, gonar da ba ta da takarda rigima ce ke jiran ranarta. Gonar da yaya ya ba maƙwabcinshi aro tun shekarun baya ita nake jiye ma, ɗiyan mutumin sun tashi suna ganin ta ubansu ce. A je a rubuta aro ce tun masu shaida na da rai.

Kada kai ka fara yi mishi maganar, bar ni da shi, ƙanenshi ne ni, abin da zai yi nauyi a bakinka a nawa ba komai ba ne. Zan fara da nawa, in nuna mishi tawa takardar da na rubuta na ba liman kwafi ɗaya. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan shigo in sha Allahu. Ka sayo kaye sabo da biro, ka tattara takardun hilaye ka sa a leda, ka gaya ma ƙanenka da 'yan uwanka mata duka su zo, har wadda ke aure Tasawa a kira ta a waya ta ji da kunnenta. Ka gaida innarka, ka ce mata ina nan tahe.