Amsa ga ɗan'uwan da ke jiran sabuwar 718

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ji raɗe-raɗin an sake ɗaga fitowar sabuwar Porsche 718, ƙaramar motar tseren nan mai ƙofa biyu, kana tambaya ko ka bar kafin alƙalaminka a wurin dila ka ci gaba da jira, ko ka karɓe kuɗinka ka nemi ta hannu. Ka kuma ce shin matsala ce ta gaske ko dabarar neman riba. Wallahi tun ban kai ƙarshen rubutunka ba raina ya ɓaci, don irin wannan jiran ya taɓa cin ni a hannun dilan wani kamfani daban, wanda ba zan kama sunansa ba.

Tawa ma mai ƙofa biyu ce, an ce za a fito da sabon samfurinta da aka yi wa kwaskwarima: ƙarin ƙarfin inji, sabon birki, gyaran giya. Dilan ya zaunar da ni ya ce kason da aka ba su kaɗan ne, in ban ajiye kuɗi ba wani zai ɗauke gurbin. Shi da bakinsa ya ce in kawo motar da nake hawa su saya tun farashinta bai faɗi ba, wai da zarar sabuwar ta sauka tawa ta zama tsohon yayi. Haka na miƙa musu motar da na san kukan injinta kamar yadda na san muryar ɗana. Daga nan aka shiga "wata mai zuwa", aka koma "farkon shekara". Da fari shi ke kirana. Sannu a hankali ni na koma mai kira, har ta kai kullum sai a ce mini ya shiga taro.

Ranar da na gaji na je da kaina, ina shiga na ga motar a tsaye, irin wadda na yi oda, har launin. Gabana ya faɗi don murna, na ɗauka tawa ce ta iso ba a sanar da ni ba. Har na kai hannu kan murfin ƙofa, sai wani yaron wurin da bai san ni ba ya ce in yi haƙuri, ta wani babban kwastomansu ce, mai sayen jif a wurinsu, kuma ya cika odarsa da kayan ƙari. Na nemi manaja. Bawan Allahn nan ko miƙewa bai yi ba. Ya jawo takardar da na sa wa hannu, ya juyo ta wajena, ya ɗora bakin biro a kai ya ce, "Nuna mini inda muka rubuta maka rana." A gaban mutane ya faɗa, yana danna waya da ɗaya hannun. Na fito jikina na rawa, sai ga tsohuwar motata a harabarsu, an wanke ta tas, an manna mata farashin da ya ɗara abin da suka ba ni nesa ba kusa ba. Na daɗe a tsaye ina kallonta. Ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba, yadda mutumin ya dube ni ne, sai ka ce roƙo na zo yi. Har yau in na tuna sai barci ya ƙaurace mini. Da ƙyar da jiɓin goshi suka maido kuɗina, shi ma sai da aka yi ta kai gwauro ana kai mari. Allah ya isa.

To, tambayarka. Duka biyun ne, amma a ganina riba ce ke riƙe da sitiyarin. Matsala kam akwai ta. Tun 2022 Porsche ya ce magajiyar 718 mai lantarki ce, za ta zo a tsakiyar shekarun 2020. Sai Northvolt, kamfanin batir na Suwidin da rahotanni suka ce shi zai samar da batirin, ya durƙushe a Maris 2025. Kafin nan ma, a tsakiyar 2024 an janye yawancin nau'o'in 718 mai fetur daga kasuwar Tarayyar Turai saboda sabuwar dokar kare na'urorin mota daga masu kutse. Ka lura da wannan da kyau: ba wai an kasa gyara ta ba ne, an lissafa abin da gyaran zai ci, aka ga tsohuwar mota ba za ta maido shi ba. A Oktoba 2025 aka tsayar da ƙera ta gaba ɗaya, alhali magajiyar ba ta shirya ba.

Yanzu dubi lissafin. A 2024 kamfanin ya sayar da motoci sama da 310,000. Jif ɗinsu Cayenne kaɗai ta haura 100,000, ita kuwa 718 ba ta kai 24,000 ba, kuma tana cikin masu araha a gidan. A 2024 ɗin cinikinsu a Chaina ya ragu da kashi 28 cikin 100. Ga harajin shigo da kaya na Amurka, kuma ba su da masana'anta a can. Kamfanin da ribarsa ta kai kashi 18 cikin 100 a 2023, yana ma burin kaiwa 20, shi ne a Satumba 2025 ya gaya wa masu hannun jari kada su sa ran fiye da kashi 2. In kai ne a kan kujerar, injiniyoyi da kuɗi sun yi ƙaranci, wace mota za ka fara ceta? Ta masu sha'awa irinmu ce ƙarshen layi. A Satumban 2025 ɗin dai suka ce manyan nau'o'in sabuwar 718 za su zo da injin fetur. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, amma motar da aka zana don batir a dawo a nema wa inji wuri a cikinta, wannan ba aikin wata uku ba ne. Kuma ka ji fa, manyan nau'o'i aka ce, wato masu tsada.

Kada ka ɗauka su kaɗai ne. Nissan ya riƙe motar tserensa GT-R guda daga 2007 har 2025, ana ta yi mata kwalliya. Audi ya rufe TT a 2023, R8 ta bi ta a 2024. Toyota da BMW sai da suka haɗa kuɗi kafin Supra da Z4 su samu fitowa, a masana'anta ɗaya aka riƙa haɗa su a Ostiriya. Mazda MX-5 ta yanzu tun 2015 take, kuma wallahi ina jinjina musu, don ko ba komai sun bar mana giyar hannu. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, yaranmu su taso ba su san daɗin taka kuloci a kwana ba, sai allo da maɓalli. Ni ba na ƙin lantarki, amma nauyin batir shi ne babban abokin gabar ƙaramar motar tsere.

Don Allah, don Annabi, in kana da motar da kake hawa kada ka sayar da ita kan alkawarin baka. Ka koma wurin dilan ka ce a rubuta maka cewa kuɗinka za su dawo cif duk ranar da ka nema, a kuma rubuta ko kai ne na nawa a layi. In ya fara kame-kame, karɓi abinka tun yana ɗaga wayarka. Ka tambaye shi kai tsaye ko kamfani ya ba su kaso a rubuce, ko shi ma a intanet yake karantawa kamar mu. Sau da yawa dila bai fi ka sanin komai ba, kuɗin mutane kawai yake tarawa a asusu.

Batun ta hannu kuwa, ni zan saya, musamman mai silinda shida. Sai dai tunda an daina ƙera ta masu sayarwa sun farga, za su ja farashi, kada ɗoki ya sa ka biya abin da aka fara faɗa. Ka kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, a jona mata kwamfuta a ga ko an taɓa wuce wa injin iyaka, a duba takardun sabis tun daga farko, a ga ko garanti ya saura. Ko da sabuwar ta fito gobe, ni ba zan so 'yan farkon ba, sai an ga yadda suka yi a hannun mutane.

Ka kuma gaya wa iyalinka halin da ake ciki, kada ka riƙe ɓacin ran kai kaɗai, don abin yana cin mutum fiye da yadda ake zato. Ka duba takardarka yau ɗin nan, sashen da ya yi maganar maido da kuɗi, ka faɗa mana abin da aka rubuta a wurin kafin ka sake taka ƙafa wajen dilan.