Tambayi Likita: Gwajin fitsari zai iya hutar da Baba daga kyamarar mafitsara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Babanmu ne aka kankare wa kansar mafitsara bara, to duk wata uku sai an zura masa wata siririyar kyamara ta gaba an duba ko ta dawo, wallahi yanzu in ranar ta matso ko abinci ba ya iya ci. Na ji an ce akwai gwajin da fitsari kawai za a karɓa a gane, don Allah gaskiya ne? Daga 'yarsa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Eh akwai, amma fa kar ki je masa da albishir tukuna.

Ita wannan cuta naci gare ta, ko an cire ta tas kusan rabin masu ita sai ta sake tsirowa, shi ya sa kika ga an sa masa ido haka. Shi kuma fitsari yana daɗewa a mafitsara, ƙwayoyin bangonta suna zubewa a ciki har da na kansar in akwai, to su ake tacewa a duba ƙwayoyin gadonsu, a nemi canjin da kansa ke haddasawa, kamar a wasu biyu da ake kira TERT da FGFR3. Akwai gwajin UroVysion da Amurka ta amince da shi tun 2001, akwai kuma Xpert Bladder Cancer Monitor da ake yi a injin GeneXpert, irin wanda ake gwajin tarin fuka da shi a asibitocinmu, sai dai kayan gwajin daban ne, ganin injin ba ya nufin suna yi.

Amfaninsa babba shi ne in ya nuna ba komai, to da wuya a ce akwai kansa mai tsanani a ɓoye, har wasu likitoci a Turai kan ɗan ja tazara tsakanin leƙe da leƙe. Amma ƙaramin tsiro mara tsanani yakan kuɓuce masa, kuma in ya nuna akwai, kyamarar nan dai za a koma, don shi ba ya faɗin wurin da take.

Abin da ya fi damu na shi ne tsargiya. A yankinmu da yawa ita ce ke jawo musu kansar mafitsara, kuma sau da yawa nau'inta daban ne da wadda aka gina waɗannan gwaje-gwaje a kanta. Don haka ki ɗauko takardar sakamakon naman da aka cire masa, ki tambayi likitansa wane nau'i ne, kuma mai tsanani ne ko a'a.

Kafin nan kar Baba ya tsallake rana ko ɗaya. Ku roƙa a sa masa maganin kashe zafi a bar shi ya kama sosai kafin a zura, in suna da kyamara mai lanƙwasuwa a yi da ita, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. In yana shan sigari ku lallaɓa shi ya bari, kuma ko sau ɗaya ya ga jini a fitsari ku kai shi, kar ku jira wata ukun.