Sunan da Inna ta ƙi faɗa miki

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na gode da gaisuwa. Mutanen Tawa duk lafiya lau. Kin ce kina son rubuta asalin gidanmu, kin tambayi Inna sunan mijinta da na surukinta, ta kau da kai ta ce ki rabu da ita. Kin kuma ga sunan uba da ke kan takardar haihuwar babanki ba shi ne wanda ake kiran kakanku da shi ba. Shi ne kike tambaya ko al'ada ta hana tono irin wannan, ko kuwa ki ƙyale tsofaffi ki nufi gidan ajiyar takardu da tsofaffin jaridu tunda kina Yamai.

Al'ada ba ta hana ba. Wanda bai san danginsa ba, da wa zai yi zumunci? Abin da kika ci karo da shi alkunya ce. Macen zamanin Inna ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko ya kwanta dama, ba ta kama na surukanta, ba ta kama na ɗanta na fari. Ni ne ɗanta na fari, ga furfura ta cika mini kai, amma har yau ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ɓoye miki take yi ba. Kin nemi ta yi abin da a wurinta rashin kunya ne, kuma da alama a gaban mutane kika yi tambayar.

Ki koma mata ta wata ƙofa. Ke jikarta ce, a wasan jika da kaka kishiyarta ce ke, kina da bakin da mu ƴaƴanta ba mu da shi. Ki kai mata goro, ki bari sai bayan la'asar tsakar gida ta yi sauƙin mutane, ki ja ta da wasa, sannan ki ce: "Inna, wa ya ci sunan tsoho a gidan nan?" Za ta nuna miki yaron da ake ce wa Baba ko Abba. Sai ki je ki tambayi sunan yaron na yanka, kin samu abin da kike nema ba tare da ta furta ba. Dangin ubanta da na uwarta kuwa za ta jero miki su har ki gaji da rubutu, da garin da kowace mace ta yi aure. Gefen kakanku namiji, wurin ƙanwarsa za ki je, ita babu alkunyar miji tsakaninta da su. Mata su ne ke riƙe da wannan sani fiye da mu maza, don su ke zuwa biki da suna, su suka san wa ya sha nonon wa.

Kada ki tambayi tsohuwa shekara. Ki tambaye ta me ya faru a lokacin. In aka ce wane yana goye aka yi Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 ke nan. In aka ce shekarar yaƙin Kawusan, lokacin da ya kewaye Agadas, ƙarshen 1916 ne zuwa 1917. Wanda aka kama aikin dole, kafin 1946 ne, don a shekarar aka soke shi. Akwai zaɓen i ko a'a na 1958, akwai farin 1973 da na 1984. Da waɗannan za ki dinga auna kowace haihuwa da kowane aure.

Batun sunan da ya saɓa kuwa, kada ya tayar miki da hankali. Mu ba mu da sunan gida ɗaya da ake gada kamar Nasara, yaro sunan ubansa yake ɗauka, jika kuma ya ɗauki na nasa uban, shi ya sa bayan hawa biyu sunan kaka yake ɓacewa daga takarda. Ga kuma mutum ɗaya da suna uku: na yanka, da laƙabin gida, da wanda abokai suka sa masa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Bube. Wanda aka haifa da damina ana iya ce masa Nomau har ya mutu, alhali sunansa Isuhu. Wanda aka sani a gari shi ne laƙabin, wanda aka kai bariki kuwa na yanka ne. Sannan magatakarda ya rubuta shi da harafin Faransanci: Sha'aibu ya koma Chaïbou, Isuhu ya koma Issoufou, Usman ya koma Ousmane. Yawancinmu ba ranar haihuwa aka yi mana takarda ba, sai da za a sa mu lakwal aka je gaban alƙali da shaidu biyu, aka dubi tsawon yaro aka rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza. Wani yaron ma da sunan wanda ya riƙe shi aka rubuta shi, kawunsa ko maigarin da ya kai shi.

Duk da haka ki je gidan ajiyar takardu na ƙasa da ke nan Yamai, ina so ki je. Akwai rahotannin da kumandodin Nasara suka rubuta a kan yankuna da kanto-kanto, wato ƙasashen sarakuna, da rahotannin rangadinsu, da ƙidayar da suke yi don lanho, wato haraji. Ki tafi da sunan ƙauye, da na kanto, da na maigari na lokacin, don ta nan aka jera su, ba ta sunan kakanki ba. Ki kuma karanta su da lura: mutane suna ɓoye ƴaƴa da dabbobi saboda tsoron lanho da lakwal da ɗaukar soja, kuma abin da tafinta ya faɗa shi Bature ya rubuta. Wasu takardun ma ba su nan, suna Dakar inda babban gwamna ya zauna, ko Aix-en-Provence a Faransa. Ki leƙa IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake ajiye dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tarawa, da CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, inda aka naɗi muryoyin tsofaffi masu ba da tarihi. Ki nemi abin da Farfesa Djibo Hamani ya rubuta a kan Adar, ƙasarmu ta nan Tawa, kafin zuwan Nasara, zai buɗe miki ido.

Jaridu ba za su kai ki nesa ba, gaskiya. Le Temps du Niger, wadda ta koma Le Sahel a 1974, da jaridar hukuma mai buga naɗin ma'aikata da na sarakuna, sun fi amfani ga gidan da ya yi malamin lakwal ko ma'aikacin gwamnati. Manomi da ɗan ci-rani ba su cika shiga jarida ba. Abin da zan ce ki duba shi ne sanarwar aure da ta rasuwa, inda ake jera gidaje da garuruwansu, ta nan za ki iya gano reshen da ya tafi Abijan ko Sakkwato aka daina jin ɗuriyarsa.

Akwai abu biyu da nake so ki riƙe da kyau. In kin je wurin maroƙi, ki saurari kirarin gida ki rubuta shi, akwai sunaye na gaske a ciki, amma ki sani yana iya haɗa ki da Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya kafa sarautar Adar, don ya ga kin buɗe jaka. Ba kowane Ba'adare ne jinin sarautar Illela ba, kuma ba abin kunya ba ne a ce kakanninki manoma ne ko maƙera, ko azna ne kafin su musulunta. Na biyun ya fi nauyi. A ƙasar nan an yi bauta, sai a 2003 doka ta mayar da ita laifin da ake hukuntawa, kuma har yau ana fasa aure a kan kalma ɗaya da wani ya faɗa game da asalin wani. Kina iya samun irin wannan a takardar Nasara ko a bakin tsohuwa, a kan maƙwabta ko surukai ko mu kanmu. Kada ya shiga WhatsApp na dangi. Ki kawo mini mu zauna da goggonki mu ga abin da ya dace a rubuta.

A ɗakina akwai gafakar kakanku. A gefen wasu warƙoƙi ya rubuta haihuwar ƴaƴansa da ajami, da rana da watan Musulunci, tawadar ta fara kodewa amma tana karantuwa. Ba zan ba da ita a mota ba. In an ba ku hutu ki zo ki ɗauki hotonta da wayarki, mu fara zuwa wurin ƙanwar kakanku tun da sauran ƙarfinta, don bana jikin nata sai a hankali. Ki gaida babanki da mamarki.

Baffanki, daga Tawa.