Amsa ga Hajiyar da maganarta ta canza bayan an sa mata haƙoran roba

Hajiya, sannu. Na ga abin da kika rubuta, cewa tun da aka sa miki haƙoran roba sama da ƙasa, in za ki furta "s" sai ki ji kamar kina yin fito, haƙoran suna ƙwas-ƙwas, har kin daina ɗaga waya, kina tambaya ko bakinki zai dawo daidai. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don na sha wannan ɗacin. Zai dawo da yardar Allah. Amma shirun nan da kika ɗauka shi zai ja miki lokaci.

Harshenki ya yi shekara da shekaru yana taɓa ganɗa da bayan haƙoran gaba, rana ɗaya aka shimfiɗa masa roba a wurin, dole ya yi lalube. Shi ya sa s da ts da sh da r suka fi gardama. Yawun da ke cika miki baki kuwa da kansa zai ragu.

Ni ba ciwon dasashi ne ya karya min zuciya ba. A wurin aiki ne, muna taro, aka ce in yi bayani. Ina tsakiyar magana na ƙasan ya ɗaga, na ji shi yana yawo a kan harshena, kalmar ta fito a tauye. Na sa hannu na rufe baki na zauna. Da muka tashi sai na jiyo wata da muke ofis ɗaya a bayan ƙofa tana kwaikwayon maganata, tana jan "sh" ɗin, sauran suna dariya ƙasa-ƙasa. Yarinyar da na riƙe kamar ƙanwata! Ta san ciwon da ya cinye min haƙora, ita ce ma ta raka ni ranar da aka cire na ƙarshe, ta ga audugar da na ciza jina-jina. Na shiga banɗaki na kulle, na cire su na riƙe a tafin hannu, leɓena ya shige ciki yana rawa, na yi kukan da ban yi ba ranar cirewar. Har yau ba ta ba ni haƙuri ba. Muna gaisawa, amma in ta yi min murmushi sai ƙirjina ya yi nauyi. Ku masu cikakken baki, don Allah ku riƙa tausaya wa mutane.

Ki yi magana, Hajiya, ko ke kaɗai ce a ɗaki. Ki ɗauki duk wani rubutu da ke kusa ki karanta da ƙarfi, a hankali, kalmar da ta ƙi ki maimaita ta har ta miƙe. Ƙirga ta taimaka min sosai, daga 60 zuwa 79, sannan 90 zuwa sama, don "sittin da shida" da "tis'in da tara" suna sa harshe aiki. Ki naɗi muryarki a waya ki saurara. Za ki tarar abin bai kai yadda kike jin sa a cikin kanki ba.

Kafin ki buɗe baki ki ɗan ciza a hankali ki haɗiye yawu, sai su zauna. Na ƙasa ne mai taurin kai, don na sama yana kama ganɗa ya manne, shi kuwa harshe da kumatu ne ke riƙe shi, kuma sai sun koya. Kada ki yi sauri, saurin magana na ƙara ƙwas-ƙwas ɗin. Akwai gam ɗin da ake ɗigawa a ciki, ɗan kaɗan ya isa, kada ki lafta.

Amma fa in makonni sun shuɗe kina ta ƙoƙari fiton bai tafi ba, ba laifinki ba ne, ki koma wurin likitan haƙori. Wanda ya yi min nawa cewa ya yi "ki saba kawai", ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba. Wani likitan ne ya sa ni na yi ta furta "s" yana kallon bakina, ya gyara robar ta bayan haƙoran gaba, na ji bambanci tun ban bar kujerar ba. Ƙarar ma wani lokaci tsayin haƙoran ne ya yi yawa. Kuma in cire miki naki aka yi aka sa waɗannan nan take, ki sani dasashi na motsewa a watannin farko, za su yi sako-sako sai an ƙara musu ciko. Ki je da su a bakinki, ki karanta masa kalmomin da ke ba ki wahala, kada ki bari a sallame ki a tsaye. Kada ki kuskura ki kankare su da kanki.

Da daddare ki cire su dasashinki ya huta, ki jiƙa a ruwa, ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa robar. Wayar kuma ki fara da wanda ba kya jin kunyarsa, ɗiyarki ko ƙanwarki, ki kira ta yau ɗin nan ku daɗe kuna hira. Allah ya ba ki lafiya.